Sankarar Mama a Amurka: Me Ya Sa Baƙaƙen Mata Suka Fi Mutuwa Alhali Ba Su Fi Kamuwa Ba?

Me zai sa mata biyu da ke zaune a gari ɗaya, cuta ɗaya ta kama su, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan kiwon lafiya, amma a ce ɗaya ta fi ɗaya fuskantar mutuwa saboda launin fatarta? Tambayar nan kan taso duk watan Oktoba, watan gangamin sankarar mama. Ta ƙara zafi tun ranar 30 ga Afrilun 2024, da kwamitin ƙwararru na USPSTF, wanda shawararsa ke tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin awo a Amurka, ya sauke shekarun fara ɗaukar hoton mama daga 50 zuwa 40. Cikin dalilan da ya kafa har da halin da mata baƙaƙen fata ke ciki.

Ga halin. Rahoton Ƙungiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Amurka na 2024 ya nuna cewa baƙar mace ba ta kai farar mace yawan kamuwa da sankarar mama ba, tana ƙasa da ita da kusan kashi 5 cikin 100. Amma wajen mutuwa ta zarce ta da kashi 38 cikin 100.

Da an faɗi haka, amsa biyu ke fitowa daga bakin mutane. Wasu su ce ai jini ne, haka Allah Ya halicci baƙar fata. Wasu su ce sakaci ne, ba sa zuwa awo. Kowace amsa tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma kowace tana da daɗin faɗi, tunda tana wanke asibiti da hukuma tas. Sai dai in aka bi alƙaluman sawu da ƙafa, ba nan suka tsaya ba.

## Awo daban, binciken cuta daban

Yawancin ruɗanin daga nan yake farawa. Awo shi ne a duba macen da ba ta jin komai: ba ƙullutu, ba zafi, tana harkokinta lafiya lau. Manufar ita ce a cim ma cutar tun tana ƙarama, kafin hannu ya iya jin ta. Binciken cuta kuwa na wadda ta riga ta ji wani abu ne, ko wadda hoton awo ya nuna abin da ba a gamsu da shi ba. Sannan awo ba rigakafi ba ne. Ba ya hana cutar zuwa, asirinta kawai yake tonawa da wuri.

Na'urar awon ita ce mamogiram, wani nau'in hoton eksire ne na musamman. Mace za ta tsaya gabanta, ma'aikaciya ta ɗora mama ɗaya a kan faranti, wani farantin ya sauko ya matse shi na 'yan daƙiƙoƙi har ya baje, a ɗauki hoto ta sama, a sake ɗauka ta gefe, sannan a koma ɗayan. Matsewar ba daɗi, wasu ma har da zafi, amma ita ke sa hoton ya fito tar. Akan gargaɗi mace kada ta shafa hoda ko turaren hammata ranar, domin burbushinsu kan fito a hoton tamkar ɗigon cuta. Duka-duka abin bai wuce minti ashirin ba.

Bayan nan ne tafiya take miƙewa. Cikin kowace mata goma da aka ɗauka hoto a Amurka, akan sake kiran kusan ɗaya ta dawo a ƙara dubawa, kuma mafi yawansu ba a samun komai. Wadda abin ya ƙi warwarewa, sai a sa allura a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin nama, wato bayofsi, shi kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba daji ba. Daga nan a auna matakin da cutar take. In tana cikin mama ba ta fita ba, kusan mata 99 cikin 100 kan haura shekara biyar. In ta riga ta bazu zuwa ƙashi, hanta ko huhu, kusan ɗaya cikin uku ce kawai ke kaiwa.

Akwai kuma matan da naman mamansu ke da cunkoso. A hoto, naman fari yake fitowa, ƙarin dajin ma fari, sai wannan ya ɓoye wancan. Tun 10 ga Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta wa duk cibiyar hoto ta sanar da mace ko tana cikin wannan rukuni.

## Tazarar da ta zo tare da magani

Kafin shekarun 1980 babu wannan tazara. Baƙar mace da farar mace kusan daidai suke mutuwa da sankarar mama, domin a lokacin abin da likita ke da shi bai taka kara ya karya ba, ko ga mai kuɗi ko ga talaka. Sai abubuwa biyu suka bazu kusan lokaci guda: hoton mamogiram, da ƙwayar tamoxifen, wadda aka amince da ita a Amurka a 1977. A 1998 kuma wani maganin mai suna Herceptin ya shigo. Daga 1989 zuwa 2022 mace-macen sankarar mama a ƙasar suka ragu da kashi 44 cikin 100. Nasara ce babba, amma ba a raba ta daidai ba. Layin fararen mata ya yi ƙasa da sauri, na baƙaƙen mata ya biyo baya yana jan ƙafa.

Birnin Chicago ne aka fi kafa misali da shi. A 1980 ɓangarorin biyu kunnen doki suke. Zuwa 2003 mutuwar baƙaƙen mata ta zarce ta fararen da kashi 68 cikin 100, ba don cutar ta ƙara tsanani a jikinsu ba, sai don fararen mata sun amfana da sabon ci gaba, su kuwa suna nan inda aka bar su. Wani binciken da ya kwatanta manyan biranen ƙasar tsakanin 2005 da 2009 ya gano cewa a Memphis mutuwar baƙaƙen mata ta ninka ta fararen har da ɗoriya, alhali a New York tazarar kusan kashi 20 ce. Duk mai cewa jini ne kaɗai, sai ya bayyana mana yadda jinin baƙar mace ke sauyawa tsakanin Memphis da New York, ko tsakanin 1980 da 2003.

## Batun jini: gaskiyarsa da inda ta ƙare

Ba a musun cewa halitta tana da nata kaso. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Likitoci kan rarrabe ta ne ta duba abin da ke jikin ƙwayar cutar: wata tana ɗauke da mariƙin sinadarin istirojin, wata na furojestaron (dukansu sinadaran homon ne na jikin mace), wata na wani furotin mai suna HER2. Kamar tukunya ce a kan wuta: in tana da mariƙi, akwai wurin kama ta a sauke. Tamoxifen ta mariƙin istirojin yake kama cutar, Herceptin kuma ta HER2. Amma akwai irin da ba ta da ko ɗaya cikin ukun, likitoci na ce mata tiriful-negatif. Tana saurin girma, ta fi kama masu ƙananan shekaru, kuma an daɗe babu makamin yaƙar ta sai tiyata da kemo (magunguna masu kashe ƙwayoyin daji) da gashi (ƙona dajin da hasken na'ura). A Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na baƙaƙen matan da suka kamu wannan irin ce da su. A fararen mata, kusan ɗaya cikin goma.

A nan ne zancen ya taɓo mu kai tsaye. Dakta Lisa Newman, likitar tiyata Ba'amurkiya, ta shafe shekaru tana aiki da likitocin asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. Wani bincikensu na 2016 ya kwatanta naman da aka ɗebo daga rukunin mata huɗu. A matan Ghana, fiye da rabi tiriful-negatif ce. A baƙaƙen Amurka, kusan kashi 30. A fararen Amurka, kusan 15. A matan Habasha ma kusan 15. Matan Habasha baƙaƙe ne, amma sun fi kama da fararen Amurka a wannan ma'auni. Ashe ba launin fata ba ne, tsatso ne, kuma tsatson Afirka ta Yamma, yankin da jiragen cinikin bayi suka kwashi kakannin yawancin baƙaƙen Amurka. Sai dai a riƙe alƙaluman Afirka da hattara. In aka yanko nama ba a saka shi cikin ruwan adana shi a kan kari ba, mariƙan kan lalace, gwaji ya nuna babu su alhali da akwai. Masana sun daɗe suna nuna cewa wannan na iya kumbura adadin.

Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan, take kuma koyarwa a Jami'ar Chicago, ta bi ta ɓangaren gado. A 2018 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin matan Najeriya sama da 1,100 masu sankarar mama: kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da tawayar ƙwayar halitta da suka gada, kashi 7 a wadda ake kira BRCA1, kashi 4 a BRCA2, waɗanda tawayarsu ke ƙara haɗarin sankarar mama. Adadi ne mai yawa, kuma yana nufin tarihin dangi ba abin wasa ba ne a wajenmu.

To ina gaskiyar jini ta ƙare? A 2024 masu bincike a Boston suka tattara nazarce-nazarce da suka shafi mata sama da 200,000, suka duba tazarar iri bayan iri. A tiriful-negatif, wadda kowa ke ɗora wa laifi, haɗarin mutuwar baƙar mace ya zarce na fara da kashi 17 cikin 100. A irin da ta fi kowace jin magani, mai mariƙin istirojin marar HER2, tazarar ta kai kashi 50. A ganina wannan shi ne alƙalami mafi muhimmanci a duk muhawarar. Inda magani bai da ƙarfi sosai, matan sun kusa daidaita. Inda magani ke aiki, amma sai an bi shi shekara da shekaru, an je asibiti a kai a kai, an biya, an saurare ki in kin yi ƙorafi, can ne ramin ya fi zurfi. Adalci ne a ƙara da cewa ko a babban gwajin TAILORx, inda baƙaƙe da fararen mata suka sami magani kusan iri ɗaya, sakamakon baƙaƙen mata ya kasa na fararen, don haka akwai saura a ɓangaren halitta da ake ci gaba da tonowa.

Akwai ma wurin da halitta da tsari suka cuɗanya. Fiye da kashi 90 na mutanen Afirka ta Yamma, da kusan biyu cikin uku na baƙaƙen Amurka, ba su da wata alama a jajayen ƙwayoyin jininsu da ake kira Duffy. Rashinta na kare mutum daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, amma yana sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jini ya zauna ƙasa, ba tare da wata illa ba. Likita kuwa kafin ya ɗaura kemo sai ya duba wannan adadi, kuma ma'aunin da ake kira "daidai" da jinin Turawa aka tsara shi. Sai a ce wa mace lafiyayya jininta ya yi ƙasa, ta koma gida sai mako mai zuwa, ko a rage mata magani, ko a hana ta shiga gwajin sabon magani. Jinin nata kalau yake, ma'aunin ne ba da ita aka yi shi ba.

## Abin da ke faruwa bayan an ɗauki hoto

Zargin sakaci ya fi saurin rushewa. Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta jima tana nuna cewa baƙaƙen mata suna zuwa mamogiram daidai da fararen mata, wasu shekarun ma sun ɗara su. Tambayar ita ce wane irin hoto, wa ya karanta shi, kuma me ya biyo baya.

Da likitoci da 'yan gwagwarmaya suka kafa kwamitin yaƙi da sankarar mama na Chicago a 2007, sun bi cibiyoyin hoto suna auna ingancinsu. Sai suka tarar cibiyoyin da suka fi karɓar baƙaƙen mata ba su cika samun sababbin na'urori ba, kuma sau da yawa ba ƙwararre a hoton mama ne ke karanta hoton ba. Mace ta yi abin da aka ce ta yi, an ce mata ba komai, alhali ƙarin yana nan a hoton ba a gan shi ba.

Sai kuɗi. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta sa hoton awo ya zama kyauta ga mai inshora. Amma an shafe shekaru in an sake kiran ki, hoto na biyu da sikanin da bayofsi ana lissafa su "binciken cuta", kuma a tsare-tsaren inshora da yawa ke ce kike fara biya daga aljihunki. Matar da ake biya gwargwadon awannin da ta yi aiki, wadda rashin zuwa aiki na yini guda rashin cefane ne, sai ta ɗaga zuwa wani watan. Haka kuma zuwa 2024 jihohi goma ba su faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma cikinsu akwai Texas, Florida, Georgia, Alabama da Mississippi. Kudancin Amurka ke nan, inda fiye da rabin baƙaƙen ƙasar suke zaune. Wani nazari na 2018 a kan matan da ba su kai shekara 65 ba ya kasa tazarar gida-gida: bambancin inshora ya ɗauki kashi 37 cikin 100 na ƙarin haɗarin mutuwar, bambancin yanayin ƙarin dajin kuwa kashi 23. Katin inshora ya fi ƙwayar cutar nauyi a sikeli.

Magani kuma ba yini ɗaya ba ne. Tiyata, sai kemo na watanni, sai gashi na makonni kusan kullum, sai ƙwayar homon da za a sha shekara biyar zuwa goma, mai kawo zufa da zafin jiki da ciwon gaɓoɓi. A kowace gaɓa akwai inda za a zame, kuma bincike ya sha nuna cewa baƙaƙen mata sun fi jira tsakanin gano cuta da fara magani, sun fi katsewa kafin a kammala, kuma ba a cika tura su gwajin gado ba.

Rashin yarda ma yana nan, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen maza a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don kawai ta ga yadda cutar ke cin jiki. Duk wanda ya san abin da gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau na 1996 ya bari a zukatan mutanen Kano, da yadda ya shafi karɓar allurar shan inna bayan shekaru, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

## 40, 45 ko 50: me ake jayayya a kai?

A 2009 kwamitin USPSTF ya ɗaga shekarun fara awo na bai ɗaya zuwa 50, aka yi ta cece-kuce. Yanzu ya dawo 40, duk shekara biyu, har zuwa 74. Hujjarsa ita ce cutar na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 duk shekara a matan da ke tsakanin 40 da 49, kuma baƙaƙen mata sun fi kamuwa da wuri. Wani nazari na 2023 ya lissafa cewa haɗarin mutuwar da farar mace ke kaiwa a shekara 51, baƙar mace tana kai shi tun tana 42.

Likitocin hoto sun ce kwamitin bai je ko'ina ba. Ƙungiyarsu tana son awo duk shekara daga 40, da kuma a auna haɗarin kowace mace tun tana 25, musamman baƙaƙe. Dalilinsu mai ƙarfi ne: ƙari mai saurin girma yana iya tsirowa ya bunƙasa tsakanin hoto da hoto in shekara biyu ce tsakani. Ƙungiyar Yaƙi da Cutar Daji ta tsaya tsakiya, zaɓi daga 40, duk shekara daga 45.

Daga can gefe kuma akwai irin su Steven Woloshin da Gilbert Welch, da suka rubuta suka a 2023 cewa babu sabon gwaji da ya sa aka sauya, lissafin kwamfuta ne. Suna tuna wa mutane illar awo: cikin matan da suka yi hoto duk shekara har shekara goma, kusan rabi za a tayar musu da hankali aƙalla sau ɗaya a kan abin da ba daji ba, wasu kuma a yi musu tiyata a kan ƙarin da ba zai taɓa cutar da su ba. Game da baƙaƙen mata, hujjarsu ita ce tunda suna zuwa awo daidai da kowa, ƙarin awo ba zai toshe ramin ba. Ni dai ina ganin sauke shekarun daidai ne, amma a wannan gaɓa ta ƙarshe masu sukar sun fi kusa da gaskiya. Shi kansa kwamitin ya amince cewa awo shi kaɗai ba zai wadatar ba.

## Inda aka gwada, aka ga sauyi

Dakta Harold Freeman likitan tiyata ne a asibitin Harlem da ke New York. Da ya bi bayanan matan da aka yi wa magani a can daga 1964 zuwa 1986, kusan rabinsu sun zo cutar ta yi nisa, kuma kashi 39 cikin 100 ne kawai suka haura shekara biyar. Ya samar da awo kyauta, sannan a 1990 ya ƙirƙiro aikin ɗan rakiya: mutum daga cikin unguwa wanda aikinsa shi ne ya riƙe hannun maras lafiya daga ranar da aka ga abin zargi har a warware. Shi zai nema mata ranar ganin likita, ya cike takardun inshora, ya san wa zai riƙe mata yara, ya buga waya in ba ta zo ba. Tsakanin 1995 da 2000 adadin ya tashi zuwa kashi 70. A 2005 majalisar Amurka ta yi dokar tallafa wa wannan tsari.

A Chicago, bayan shekarun matsa wa cibiyoyin hoto lamba da samar da 'yan rakiya, tazarar ta sauko daga kashi 51 a tsakanin 1999 da 2005 zuwa 41 a tsakanin 2006 da 2013, a lokacin da take faɗaɗa a wasu biranen.

Na Greensboro da Pittsburgh ya fi burge ni saboda sauƙinsa. A shirin ACCURE, an sa kwamfuta ta riƙa sanar da ma'aikatan jinya nan take in maras lafiya ya tsallake ranar asibiti ko wani matakin magani ya wuce lokacinsa, an kuma riƙa nuna wa likitoci sakamakon aikinsu a rarrabe bisa launin fata. Kafin shirin, kusan kashi 80 na baƙaƙen masu sankarar mama da ta huhu ke kammala magani, fararen kuma 87. Bayansa, 88 da 89. Ba sabon magani, ba sabuwar na'urar gashi.

## Mu kuma fa?

Ba Amurka kaɗai ba ce. A Ingila, inda asibiti kyauta ne, baƙaƙen mata sun fi fararen zuwa da cutar da ta yi nisa. A Afirka ma akwai misali mai tayar da hankali. Wani bincike da hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranta a ƙasashe biyar, aka wallafa a 2020, ya bi mata shekara uku bayan gano cutar. A Namibiya, kashi 90 na fararen mata suna raye, baƙaƙen kuwa 56. A asibitocin Najeriya da aka bi, 36.

Tamu tazarar ba ta launi ba ce, ta aljihu ce da nisan gari. Ƙiyasin 2022 ya nuna sababbin masu sankarar mama sama da 32,000 a Najeriya, da mace-mace sama da 16,000, kuma mafi yawa suna isa asibiti a mataki na uku ko na huɗu. Matar da ke ƙauyen Jigawa ko Damagaram, bayan kuɗin magani akwai na mota da na masauki a Zariya, Sakkwato ko Yamai, inda sai a 2021 Nijar ta buɗe cibiyar gashi ta farko ta gwamnati.

Saboda haka kwaso muhawarar 40 da 50 a kawo nan ɓata lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce ƙasashe irin namu su fara da yi wa kowace mace mamogiram ba. Shirinta na 2021 abu uku ya sa gaba: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta kawo kanta, sannan kashi 80 su gama magani. A Mumbai ta Indiya an bi mata kimanin 150,000 shekara ashirin, inda ma'aikatan lafiya mata da aka horar suke duba mama da hannu duk shekara biyu. An riƙa gano cutar da wuri, kuma a matan da suka kai 50 mace-mace sun ragu da kusan kashi 30. Wannan abu ne da ungozoma da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za su iya koya.

Akwai maganar da ta yi kaka-gida a tsakaninmu, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Wani bincike na 1998 a gabashin jihar North Carolina ya sami 'yar'uwar wannan magana a bakin mata can, cewa iska ce ke watsa cutar in an yi tiyata, kuma masu wannan imani sun fi zuwa a makare. Ba wuya a gane tushenta. An kai mace asibiti bayan shekara guda ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, cutar ta riga ta kai huhu, aka yi aiki, ta rasu, sai dangi suka ce wuƙa ce. Makwabciyarta ta ji, ita ma ta ɓoye nata. Allurar bayofsi ba ta watsa daji.

Abin lura ga mace shi ne ƙullutu a mama ko a hammata, wanda galibi ba ya zafi, da fatar da ta yi kauri ko ta lotsa, da kan nonon da ya shige ciki, da jini ko ruwan da ke fita ba na shayarwa ba, da gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa da aka ce mata kumburin nono ne, ta sha magani bai baje ba, ta koma ta nemi a yi sikanin. Wadda mahaifiyarta, 'yar'uwarta, innarta ko gwaggonta ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa ta faɗa wa likita, domin gadon yana biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa.

In kuma an tabbatar daji ne, akwai tambayar da ya kamata mace ko mijinta ko ɗanta su yi kafin a fara komai: an gwada mariƙan nan uku a naman da aka ɗebo? A asibitoci da dama na yankinmu gwajin na da tsada ko sai an aika wani gari, sai a rubuta tamoxifen a kan zato tunda yana da araha. Ga mai mariƙin istirojin, ƙwayar nan tana rage dawowar cutar sosai. Ga mai tiriful-negatif kuwa, ko ta shekara biyar tana sha ba za ta taɓa cutar ba.